Jaririna Ya Yi Shawara, Gwaggo Ta Ce Wanka Da Tausa Sun Isa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Daga Rigasa nake rubuto miki, gidan iyayena, inda na zo wankan jego. Haihuwar fari ce, namiji, yau kwanansa huɗu. A asibiti na haihu lafiya, aka sallame mu a ranar. Tun jiya na lura farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa, yau da ake masa wanka kuma na ga abin ya sauko har ƙirji. Gwaggo, yayar Babanmu, ita ke masa wanka, kuma duk 'ya'yan gidanmu a hannunta muka tashi. Ta ce shawara ce, ba wani abu ba, manjan da na riƙa ci da ciki ne ya fito masa. Ta ce za ta dafa ganye ta riƙa masa wanka da shi safe da yamma, ta tausa shi da man zafi, a ɗan shanya shi a hantsi, kafin ranar suna ido ya washe. Ni ma na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa tausa da wanka suna fitar da shawara. Maigidana yana so a koma asibiti, amma yana jin nauyin ya zo gidan surukai ya ja da maganar manya. Ni kuwa kin san ɗan fari, ko ɗaukarsa a gaban mutane kunya nake ji, balle a ce na fi Gwaggo damuwa da shi. Amma Anti, ba na iya barci. Da gaske wanka da tausa suna maganin shawara? In suna yi, yaya ake yi?

Maman jinjiri, Rigasa, Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Saƙonki da la'asar ya same ni, kuma kin san ban bari ya jira wannan shafi ba. Layi biyu na mayar miki nan take: a kai shi a auna yau, kada a jira suna, kada ma a jira gobe. Bayan isha'i kika sanar da ni cewa mahaifiyarki ta raka ku, an ɗebi jini an auna, an kwantar da shi ƙarƙashin fitilar asibiti mai shuɗin haske da ake maganin shawara da ita, kuma yana kama nono. Alhamdu lillahi. Sai kika sake maimaita tambayarki ta farko, tun da za ku dawo gida kuma Gwaggo na nan tana jira da bahonta. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa na nemi izininki in amsa ta a nan, domin a daren nan kaɗai Allah ya san ɗakuna nawa ne a Kaduna ake wannan muhawara a kan jariri mai kwana huɗu.

Wanka da tausa suna da amfani, kuma zan gaya miki yadda za ku yi su. Amma 'yan rakiya ne. Ba sa auna shawara, ba sa saukar da ita idan ta hau, kuma duk ranar da aka ajiye su a gurbin gwaji da fitila, sun tashi daga taimako sun koma jinkiri. Jinkirin nan shi ne abin da ya fi cutar da jariranmu a wannan ciwo.

Bari in fara wanke ki daga laifin manja. Ba abin da kika ci da ciki ne ya fito masa ba, kuma nononki lafiyarsa ƙalau. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, waɗanda ya yi amfani da su a ciki. Na babba sukan yi kwana 120 kafin su mutu, na jariri ba sa wuce kwana 90, don haka a makon farko da yawansu ke farfashewa lokaci guda. Idan suka fashe, wani sinadari mai ruwan ɗorawa ke fita daga cikinsu, sunansa bilirubin. Aikin hanta ne ta tace shi ta tura shi hanji ya fita da kashi, to hantar ɗan kwana uku ba ta gama koyon aikinta ba. Sai ya taru a jini, ya rina ido da fata. Wajen jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara suna yin haka a makon farko, bakwaini kuwa 8 cikin 10. Kin ga ke nan da Gwaggo ta ce duk jariri yana yi, ba ƙarya ta yi ba. A yawancinsu takan fito kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙarshen hawanta tsakanin kwana uku da biyar, ta washe kafin mako biyu. Gwaggo ta wanke jarirai masu yawa, ta tausa su, ta ga idonsu ya washe, ta ɗauka hannunta ne. Da ba a taɓa su ba ma za su washe.

Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da nasu ba ya tsayawa. Idan bilirubin ya yi yawa ƙwarai, yana tsallakawa daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa. Yaron da kika gani ya shekara uku wuyansa bai tsaya ba, jikinsa na murɗewa, ba ya ji, ba ya magana, a wasu lokutan in kika bi tarihinsa za ki tarar shawara ce ta makon farko da aka ce a bari a ga bayan suna. Ba na faɗin haka don in tsorata ki, naki yana inda ya kamata. Ina faɗa ne don abin da ya fi ci mini rai a lamarin nan: kwanakin da shawara ke hawa, su ne daidai kwanakin da al'adarmu ta killace mai jego a ɗaki. Labule a sake, taga a rufe saboda iska, jariri a naɗe cikin shawul har kai, 'yan barka na shiga suna fita, kowa na cewa tubarkalla, fari ne sol kamar babansa. Kafin ranar bakwai ta zo a fito da shi haske, abin da zai faru ya riga ya faru.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan shawarar jariri, ido yana iya cewa akwai, amma ba ya iya cewa nawa. Ko likitan da ya shekara talatin a ɗakin jarirai ba ya yanke hukunci da kallo, balle a fatarmu mai duhu wadda ke ɓoye launin. Dole sai an ɗora na'ura a goshi ko ƙirji, ko an ɗebi ɗan jini, an sami lamba, an haɗa ta da awannin da jaririn ya yi a duniya. Lambar da ba komai ba ce a kwana biyar, tana iya zama haɗari a kwana ɗaya. Shi ya sa duk jaririn da ya yi ɗorawa cikin awa 24 na farko, ba a ma tsayawa shawara da kowa, asibiti ake nufa.

Yanzu ga inda tausa ta shigo. Bilirubin da hanta ta turo hanji, idan kashi ya daɗe bai fita ba, hanji yana sake tsotse shi ya mayar cikin jini. Baƙin kashin nan mai danƙo na kwanakin farko cike yake da shi. Duk abin da zai sa jariri ya yi kashi da wuri kuma a kai a kai, yana rage wa hanta aiki. An yi bincike a Jafan da Taiwan da Iran a kan tausar jarirai, aka ga waɗanda ake shafa wa jiki a hankali na kimanin minti 15, sau biyu ko uku a rana, sun fi yawan yin kashi, kuma bayan 'yan kwanaki lambarsu ta ɗan fi ta sauran sauka. Wannan gaskiya ne, kuma ina jin daga nan mai bidiyon da kika gani ta ɗauko maganarta. Abin da ba ta gaya miki ba shi ne, binciken ƙanana ne, jarirai 'yan gommai a kowanne, saukin da aka gani ɗan kaɗan ne, kuma duk jariran ana auna su, wanda ke bukatar fitila yana ƙarƙashin fitilarsa. Babu inda aka cire jariri daga magani aka ce tausa ta ishe shi. Wanka kuwa hujjarsa ba ta ma kai ta tausa ƙarfi ba. Launin ba a saman fata yake ba da soso zai goge shi, a cikin jini yake. Amfanin wanka mai ɗumi shi ne jariri ya sake, ya farka, ya ji daɗin jikinsa ya kama nono da kyau.

Nonon nan kuwa shi ne babban mai taimako a gida, ya fi tausa nesa ba kusa ba. Ki ba shi sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Jariri mai shawara akwai nauyin barci, kuma mutane sukan yaba, su ce yaron ba shi da rigima. Kada ki yarda da wannan yabon a makon nan. In ya kai awa uku bai nema ba, ki tashe shi, ki kwance masa shawul, ki shafa tafin ƙafarsa, ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata har ya buɗe baki. Alamar yana samu ita ce ya jiƙa famfas wajen sau shida a rana daga kwana na biyar, kashinsa kuma ya tashi daga baƙi ya koma kore, ya koma ruwan ƙwai. Kada a ba shi ruwa, ko ruwan gulukos, ko jiƙon ɗanyar gwanda, ko ɗauri, ko maganin ɗigo na kemis da ake cewa yana wanke shawara. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, duk cokalin da ya shiga na wani abu, gurbin nono ya tare, kuma fitsarin da ruwa ke kawowa ba ta nan yawancin bilirubin ke fita ba. Ga sauran mata masu karatu: dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne ke tura baƙin kashin nan waje. Zubar da shi buɗe wa shawara ƙofa ne.

Akwai abu guda a cikin shirin Gwaggo da nake so ki tsaya a kansa da ƙafa biyu, ko da za a ce kin yi rashin kunya. Man zafi kada ya taɓa jikin yaron nan. Haka hoda mai sanyin nan ta mentol, haka kafur, haka lalle. Akwai wani yanayi na gado da ake kira ƙarancin G6PD, wanda ke sa jajayen ƙwayoyin jini su zama masu saurin fashewa idan suka haɗu da wasu sinadarai. Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa, kuma maza ya fi kamawa, naki kuwa namiji ne. Mai shi lafiyarsa lau, ba a gane shi da ido, amma jariri mai shi idan aka shafa masa man zafi a ƙirji ko a cibiya, ko aka sa masa rigar da ta kwana cikin kafur, jininsa na iya farfashewa cikin awanni, shawarar da ke tafiya a hankali ta yi tsalle. Ki tuna yadda muke ajiye kayan jarirai: tun ciki na wata bakwai an saya, an jera a akwati, an watsa ƙwallayen kafur don kyankyasai. Kafin ku dawo gida, ki sa ƙannenki su fitar da duk kayansa da zannuwan gadonki, a wanke su tas, a shanya a rana har warin ya fita, kafur ɗin kuma a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Tun kuna asibiti ki roƙi likita a yi masa gwajin G6PD, ki kuma tambayi rukunin jininki da nasa. Uwa mai rukunin O da ɗa mai A ko B, ko uwa mai jini nagetif da ɗa mai fozitif, duk suna iya kawo shawara mai ƙarfi, kuma sanin haka zai yi miki amfani a ciki na gaba, domin mai jini nagetif akwai allurar da ake mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare 'ya'yan da za su biyo baya.

Ruwan ganyen wanka ma a bar shi. Ba a san abin da ke cikinsa ba, fatar jariri siririya ce tana tsotsa, cibiya ba ta warke ba, kuma wani ganyen yana rina jiki har ya ɓoye miki launin da kike son gani.

Maganar hantsi tana da tarihi mai daɗi, kuma Gwaggo ta cancanci a ba ta labarin. A shekarar 1956, a wani asibiti da ke garin Rochford a Ingila, wata sista mai kula da bakwaini, Jean Ward, ta saba fitar da jarirai su sha iska a rana. Sai aka lura jikin wani jariri ya washe ban da wurin da zane ya rufe. Daga nan likitoci suka bi diddigi, a 1958 suka buga sakamakon cewa haske yana sauke bilirubin. Fitilar da ɗanki ke kwance a ƙarƙashinta jikar wannan lura ce. Shuɗin haskenta yana ratsa fata, ya sauya sinadarin zuwa siffar da jiki ke iya fitarwa ba tare da jiran hanta ba. Wato tsofaffinmu da suka ce rana tana da alaƙa da shawara sun hango wani abu. Sai dai ranar tsakar gida tana zuwa da abin da fitila ba ta da shi: tana ƙona fata, tana zafafa jikin jariri ta busar da shi, in kuma da sanyin safiya ne aka tuɓe shi, sanyi ya kama shi. Kuma minti goma na hantsi ba ya kusa da awannin da ake bukata. An gwada hasken rana a Legas, a kan jarirai 447, aka buga sakamakon a 2015, ya kuma yi aiki. Amma a ƙarƙashin rumfa ta musamman aka yi, mai wata leda da ke tace haskoki masu ƙuna, a harabar asibiti, ma'aikata na auna zafin jikin jariran a kai a kai, ana kuma auna jininsu. Tabarma a bakin rijiya ba ita ce wannan ba.

To yaya za ku yi tausar? Muddin yana ƙarƙashin fitila, kada ki shafa masa kowane irin mai, kuma kada ki riƙa cire shi sai don shayarwa, domin kowace awa a ƙarƙashin hasken tana da daraja. In kina so ki shafa shi da hannu kawai, ki tambayi nas ɗin da ke aiki, ta nuna miki lokacin da ya dace. Idan kun dawo gida, ki zaɓi lokacin da yake a farke kuma cikin natsuwa, ba da yunwa ba, ba kuma yana gama shan nono ba, a bari kamar awa guda ta wuce. A rufe ƙofa, ɗakin ya yi ɗumi. A wanke hannu, a cire zobe da awarwaro, farce a yanke. Ɗan man kwakwa ko man kaɗanya mai tsabta wanda ba a haɗa shi da turare ba ya isa, a murza a tafin hannu ya yi ɗumi. A fara daga kai da goshi da tafin yatsu, a sauko kafaɗu, hannuwa har yatsu, cinyoyi har tafin ƙafa, a juya shi a shafa baya daga wuya zuwa ƙugu. A ciki, yatsu biyu ko uku, a zagaya a hankali yadda hannun agogo ke tafiya, domin haka hanji ya bi, a kauce wa cibiya. Sai a riƙe ƙafafunsa a lanƙwasa a miƙe kamar mai tuƙa keke. Nauyin hannu kada ya wuce wanda za ki iya ɗora wa idonki a rufe ba ki ji zafi ba. Minti goma zuwa sha biyar, sau biyu a rana. In ya fara kuka ko ya kau da kai yana miƙewa, an gama ke nan na wannan lokacin.

Abin da na bayyana shafa ce, ba irin tausar da wasu ke yi ta murɗa hannu a kai baya, a riƙe ƙafa a girgiza, a cilla sama a cafe wai don kada ya tashi matsoraci ba. Ban da matse nonon jariri, yana kawo ƙurji. Ban da gashin cibiya da tsumma mai zafi ko shafa mata man goge baki. Cibiya ƙofa ce, ƙwayar cuta in ta shiga ta nan tana shiga jini, kuma ita ma tana hura wutar shawara. Maganin shafawa na kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti shi kaɗai ya isa.

Wanka sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma da hantsi ya fi, lokacin da gari ya ɗumama. Ruwan wankan jego naki ne, ba nasa ba. Nasa a tsoma gwiwar hannu a ji, in ba a ji zafi ba kuma ba a ji sanyi ba, ya yi daidai. Kada a ɗiga masa komai a ciki. Akwai wata dabara mai kyau ga jaririn da bai daɗe da fitowa daga asibiti ba: a naɗe shi da zane mai laushi, a sa shi cikin baho da zanen, a riƙa buɗe gaɓa ɗaya ana wankewa ana mayarwa. Ba ya firgita, ba ya kuka sosai, kuma ɗumin jikinsa ba ya gudu. Minti biyar zuwa goma a fito, a tsane shi da tawul har kai, a busar da gindin cibiya, a sa hula, a miƙo miki shi ya sha. Kin san sanyin hunturun Kaduna, da iskar da ke biyo ruwan damina, jariri jiƙaƙƙe yana yin sanyi cikin ɗan lokaci. Ranar da jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi nono, babu wanka babu tausa, sai asibiti.

Ni a wurina ga babban amfanin wankan nan: shi ne lokaci guda a yini da ake ganin jariri tsirara. Ku mai da shi lokacin dubawa. Kafin a tsoma shi, a kawo shi bakin ƙofa ko taga inda hasken rana yake, ba ƙwan lantarki ko tocilan waya ba. A danna yatsa a kan hancinsa ko goshi na ɗan lokaci, a ɗaga, a ga launin da ya bayyana. A duba farin ido, a ɗaga leɓe a duba dasashi. A danna ƙirji, ciki, cinya. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa, in ta kai tafin hannu da tafin ƙafa ta yi nisa ƙwarai. In kuka ga tana ƙaruwa bayan an sallame ku, ko ya daina kama nono, ko jikinsa ya saki, ko ya riƙa wani kuka mai tsini da ba irin nasa ba, ko yana banƙarewa yana mai da kai baya, ko da tsakar dare ne a nemi mota. Asibitin koyarwa na Barau Dikko yana cikin gari, asibitin Yusuf Ɗantsoho yana Tudun Wada kusa da ku, na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Ku je inda ya fi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba. Kwana biyu ko uku a fitila ya fi sauƙi ga jariri da aljihu a kan canjin jini, wanda shi ake komawa idan an makara.

Ranar da aka ce ku dawo a sake aunawa, ku koma ko da ta faɗo ranar suna, domin wani lokaci lambar takan ɗan sake hawa bayan an kashe fitila. In ya wuce kwana 14 ido bai washe ba, a sake kai shi. Sau da yawa ba wani abu ba ne, jarirai masu shan nono zalla takan ɗan daɗe musu, kuma ba dalilin yaye ba ne. Amma ki riƙa kallon kashinsa. In ya koma fari-fari kamar alli ko farar ƙasa, fitsari kuma ya yi duhu yana rina zane, wannan wata shawarar ce daban, ta toshewar hanyar madaciya, aikinta tiyata ne kuma an fi samun nasara kafin jariri ya cika wata biyu. In likita ya ce lambarsa ta hau sosai, ki nemi a gwada jinsa, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take.

Saura maganar Gwaggo da kunyarki. 'Yata, alkunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba. An yi ta ne don yarinya ta nuna kawaici a gaban manya, ta bar musu riƙo da suna da wasa. Ba a yi ta don uwa ta ga ciwo ta yi shiru ba. Ke kika fara ganin idon nan ya sauya, ke kika kasa barci, kuma ke kika yi daidai. Ba sai kin ɗaga murya ba. Mahaifiyarki da ta raka ku ta ji bayanin likita da kunnenta, ita ce bakinki a wurin Gwaggo, tsakaninsu akwai maganar da ke ba za ki iya ba. Maigidanki kuma ya daina jin nauyi a kan wannan. Zuwa gidan surukai a durƙusa a ce, Baba, ina neman izini in kai yaro asibiti, babu surukin kirki da zai kira shi raini.

Kada kuma ku ƙwace wa Gwaggo bahonta. Matar da ta wanke ku duka, in aka ce mata yau ba ta iya ba, zuciyarta za ta karye, kuma za ku rasa hannun da kuke bukata. Ku je mata ta inda take da gaskiya. Ki ce, Gwaggo, likita ya ce tausar nan taki tana taimaka masa ya yi kashi, a ci gaba, sai dai ya ce jinin yaron ba ya son man zafi da kafur da ganye, ga man da za a yi da shi. Ki ce mata an ce a riƙa duba idonsa da tafin ƙafarsa a haske kullum kafin wanka, kuma babu wanda ya kai ta sanin jikin jariri, ita za ta riƙa dubawa ta gaya muku. In hali ya yi, ranar komawa asibiti ku tafi da ita ta ga ɗakin fitilar da idonta. Tsohuwar da ta ga wannan sau ɗaya, duk jaririn da aka haifa a danginku bayan naki, ita za ta fara cewa a fito da shi haske a gani.

Ranar suna, in an sallame ku kafin nan, a rage yawo da shi hannu-hannu, kada hayaniyar baƙi ta sa awa huɗu ta wuce bai sha ba, turaren wuta kuma a yi shi a tsakar gida, ba a ɗakin da yake kwance ba. Ki rubuto mini sakamakon gwajin G6PD idan ya fito, akwai magunguna da zan lissafa miki waɗanda za ki riƙa gaya wa duk likitan da zai duba shi nan gaba. Ki gaishe mini da Mama, ki gaishe da Gwaggo da kyau.